Kumfar talla ba ta wanke cuta

Kowane kanti a kasuwar Hajj Abdalla yana da sabulu iri biyu: na gari, wanda kowa ya sani, da wanda aka yi wa kwali mai sheƙi, aka zana masa garkuwa, aka rubuta da Larabci da Turanci cewa yana kashe ƙwayoyin cuta. Na biyun ya fi tsada, kuma shi uwa take miƙa wa hannu idan ɗanta ya yi ƙuraje ko ta ji labarin kwalara a maƙwabta. Niyyarta kyakkyawa ce. Amma a wannan lokaci da fam ya zama ganye, tun da yaƙi ya shigo Jazira a Disamba 2023, wajibi ne mu tambaya: me take saye da wannan ƙarin kuɗi? Amsata a taƙaice ita ce kwali take saye, da tsoron da mai talla ya dasa mata.

Ga hujja. A shekarar 2005 mujallar likitoci ta The Lancet ta buga sakamakon binciken da Stephen Luby da abokan aikinsa suka yi a unguwannin talakawa na Karachi, a Pakistan. An raba wa wasu gidaje sabulun gari, wasu kuma mai sinadarin triclocarban, aka kwaɗaitar da su duka kan wanke hannu. A gidajen da suka sami sabulun gari, ciwon huhu ya ragu da rabi ga yara 'yan ƙasa da shekara biyar, gudawa kuma ta ragu da fiye da rabi ga 'yan ƙasa da sha biyar. Da aka gwada su da gidajen sabulun magani, ba a sami wani bambanci ba. Wankin hannun ne ya ceci yaran.

A Satumba 2016, hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta haramta sinadarai 19 a sabulun wanka da na wanke hannu da ake sayar wa jama'a, ciki har da triclosan da triclocarban. Dalilinta biyu ne: kamfanoni sun kasa nuna cewa sabulunsu ya fi na gari hana cuta, sun kuma kasa nuna cewa amfani da shi kullum na shekaru ba shi da illa. Gwaje-gwaje a kan dabbobi sun nuna triclosan yana taɓa aikin tayirod, ƙullutun nan na maƙogwaro, wasu kuma sun nuna yana iya koya wa ƙwayoyin cuta jure wa magungunan da likita ke dogara da su. Dokar Amurka ba ta aiki a Madani ko Sinnar, don haka tsaron ƙofa ya rage gare mu. A juya kwali, a karanta bayansa. Wanda bai iya ba ya ba ɗan makaranta.

Mai kanti zai ce ai asibiti ma da irin wannan ake wanke hannu. Gaskiya ne likita mai shirin tiyata yana bukatar maganin kashe ƙwayoyi, mai rauni ma haka, kuma idan likita ya rubuta wa mutum wani sabulu don ciwon fata, sai ya bi. Amma gidanmu ba ɗakin tiyata ba ne. Aikin sabulu shi ne ya kama maiƙo da dauɗar da ƙwayoyin suke maƙale a ciki, ruwa ya tafi da su. Daƙiƙa ashirin na cuɗawa, tafi da baya da tsakanin yatsu da ƙarƙashin farce, sun wadatar. Fata kuma tana da nata ƙwayoyin masu amfani da nata mai. Wanda ya dinga dirje ta da sabulu mai zafi, ko finik ne ko waninsa, zai bar ta a bushe tana tsagewa, ya buɗe wa cutar da yake gudu ƙofa.

Mafi muni shi ne sabulun da ake sayarwa da sunan maganin ƙuraje alhali kowa ya san don hasken fata ake sayensa. Wasu irinsa suna ɗauke da zaiba, wadda Larabawa ke kira zi'baƙ. Tana ratsa fata, ta lalata ƙoda da jijiyoyi, ta isa ga ɗan da ke ciki. Yarjejeniyar Minamata ta 2013 ta sa irin waɗannan sabulai cikin abin da ƙasashe za su daina yi da sayarwa. Amarya za ta yi haske na wata uku, ta biya da ƙodar da ba a sayar da ita a kasuwa. Wannan shi ne gyaran gangar auzinawa.

To, da me za a yi wanka? Jama'ar da suka biyo tafarkin Makka, da waɗanda suka taso bayan yaƙin Burmi na 1903 suka zauna tare da Mai Wurno a bakin Nilu Shuɗi, ba su zo da dauɗa ba. Sun san sabulun salo na toka da mai. Sun san soso, wanda a nan ake ce wa lifa. Sun san ganyen magarya, sidir, wanda ya zo a hadisi a kan wankan mamaci, ake dakawa a wanke gashi da shi. Sun san asuwaki na icen arak. Aduwa kuwa, lalob ɗin da yara ke tsotsa, ɓawon itacenta yana kumfa ana wanki da shi, kuma a 1933 likita R. G. Archibald na Khartum ya rubuta cewa 'ya'yanta suna kashe katantanwar da ke yaɗa tsargiya. A nan muka tarar da dilka, muka ɗauka. Tukunya da kasko kuwa, toka da yashi da lemun tsami da ruwan zafi sun ishe su, rana ta ƙarasa sauran a kan shimfiɗa da tufafi.

Sai dai a yi hattara, kada a gudu daga tarko a faɗa rami. Akwai masu cewa tunda na kanti yaudara ne, bagaruwa da dalbejiya sun isa maganin komai. Wannan ma ƙarya ce, kuma tana kisa. Garad yana da wurinsa a kurkurar baki, amma ba ya tsarkake ruwan tur'a. Kwalarar da aka ayyana ɓarkewarta a Sudan a Agusta 2024 ta ruwa da hannu take bi, ba ta tsoron ganye, ba ta tsoron garkuwar da ke kan kwali. Abin da take tsoro shi ne ruwan da aka tafasa ko aka sa wa kilorin, da randa mai murfi da moɗa guda mai tsafta, da hannun da aka wanke bayan ban-ɗaki da kafin taɓa abinci. Toka kuwa ta ranar da babu sabulu ce kawai. Idan gudawa ta kama mutum, a haɗa lita ɗaya ta ruwa mai tsafta da ƙaramin cokali shida na sukari da rabin cokali na gishiri, a dinga ba shi, a garzaya da shi asibiti. Kuma kada a kuskura a gauraya ruwan kilorin da wani sinadarin wanki, hayaƙinsa guba ne.

Kirana ga iyaye mata da magidanta da malamai masu tsangaya: kuɗin sabulun magani a sayi na gari da shi, ragowar a sa a kilorin ko itacen tafasa ruwa. A ajiye gutsure ɗaya kusa da buta a bakin ban-ɗaki, ɗaya inda ake cin abinci, a tabbatar almajirai sun wanke hannu kafin su zagaye akushi. Limamai su faɗi wannan a kan mumbari, ungozomomi su faɗa a ɗakin jego. Rigakafi ya fi magani, kuma wannan karon ya fi shi araha.

Allah ya kawo mana zaman lafiya, ya kare zuri'armu daga annoba.