Wai Me Littafi Zai Ba Ka? Amsa Ga Samarin Sabon Badun

Yau zan taɓo wata magana da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya. Na san wasu za su ji haushina, to sai dai a yi haƙuri, gaskiya ɗaci gare ta.

Akwai wata tambaya da ta zama ruwan dare a bakin samarinmu na Sabo: "Wai me wannan littafin zai ba ka?" Duk wanda aka gani riƙe da littafin da ba na jarrabawa ba, ba kuma na makarantar dare ba, sai an jefa masa ita. In na Turanci ne, a ce yana son ya nuna boko. In na Hausa ne kuwa abin ya fi muni, sai a ce ƙato da gemunsa ya zauna yana karatun tatsuniya. Masu wannan magana sun kasa karatu gida biyu kawai, wanda ake samun takardar shaida da shi, da wanda ake samun lada da shi. Duk abin da ya fita daga cikin biyun nan wai ɓata lokaci ne. To ni na ce wannan ra'ayi yana cikin manyan abubuwan da suka daƙushe mu, kuma zan faɗi dalilaina.

Mu fara duba yadda ɗalibinmu yake rayuwa. Da safe boko, da yamma Islamiyya, Asabar da Lahadi yana shagon babansa ko na yayansa. Karatunsa na boko bai wuce haddace tsofaffin tambayoyin WAEC da NECO ba. Littafin adabin da aka sa masa a manhaja ma ba ya karanta shi daga farko zuwa ƙarshe, sai ya nemi ɗan taƙaitaccen bayani ya haddace sunayen mutanen ciki. Ranar da aka gama takarda ta ƙarshe, ranar ya yi sallama da littafi. Bayan wata biyu sai ka je sayen tsire ka ga an naɗo maka shi a cikin shafin littafin da aka saya wa wani da gumin ubansa. Shekara shida a sakandare, ƙarshenta ya zama marufin tsire da ƙosai. Haba jama'a!

Abin da ya fi ba ni takaici shi ne garin da muke ciki. Badun fa ba ƙauye ba ne. A nan aka kafa kwalejin jami'a ta farko a Nijeriya a 1948. A nan Chinua Achebe da Wole Soyinka suka yi karatu. Manyan kamfanonin ɗab'in littattafai na ƙasar nan suna unguwar Jericho, tafiyar 'yan mintuna a kan acaba daga Sabo. Ita kanta Sabo tun 1916 aka kafa ta, yau sama da shekara ɗari ke nan. Muna da masallatai, muna da 'yan canji, muna da dillalai da masu motoci, alhamdu lillahi. Amma don Allah a nuna mini ƙofar da yaro zai shiga ya ari littafin Hausa ya karanta ya mayar. Muna zaune a bakin kogi muna wanka da taimama.

Ga wani abin kunya kuma. A farkon shekarun 1960 wani masani daga Ingila mai suna Abner Cohen ya zo ya zauna yana nazarin mutanen Sabo, a 1969 ya fitar da littafi mai suna Custom and Politics in Urban Africa. A ciki ya bayyana yadda kakanninmu suka riƙe fataucin goro da na shanu tsakanin Kudu da Arewa, yadda maigida da dillali suke tafiyar da bashi bisa amana, da rawar da ɗariƙar Tijjaniyya ta taka wajen haɗa kan unguwa. Ɗalibai a jami'o'in Turai da Amurka sun karanta labarin kakanninmu, mu jikokin kuwa da yawanmu ba mu taɓa jin sunan littafin ba.

Yanzu bari in ɗauki uzurorin ɗaya bayan ɗaya.

Uzuri na farko, wai mu ba mu je jami'a ba, karatun littattafai na 'yan jami'a ne. Ni ma a sakandare na tsaya, shagon mahaifina nake zama, saboda haka ba wanda zai yi mini wannan waƙar. A 1933 Hukumar Fassara ta Zariya ƙarƙashin Rupert East ta sa gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Daga wannan yunƙuri aka sami Ruwan Bagaja na Abubakar Imam, da Ganɗoki na yayansa Bello Kagara, da Shaihu Umar na Abubakar Tafawa Ɓalewa, da Idon Matambayi na Muhammadu Gwarzo, da Jiki Magayi na John Tafida tare da East. An haifi Imam a 1911, Tafawa Ɓalewa a 1912. Ku lissafa da kanku, sa'o'inmu ne lokacin da suka yi waɗannan rubuce-rubuce, malaman makarantar Midil, ɗaya a Katsina ɗaya a Bauci. Babu mai digiri a cikinsu, don a lokacin babu jami'a a Nijeriya gaba ɗaya. Ɗaya ya zama editan Gaskiya Ta Fi Kwabo da aka fara bugawa a 1939, ɗaya ya zama Firayim Minista. In kuma kuna son misali daga maƙwabta, ga Amos Tutuola, mutumin Abeokuta da ya rasu a nan Badun a 1997. Karatunsa na boko bai wuce shekara shida ba, masinja ne a wani ofishin gwamnati a Ikko, amma littafinsa The Palm-Wine Drinkard da aka buga a Landan a 1952 an fassara shi cikin harsuna masu yawa. To mai takardar sakandare wane uzuri ya rage masa?

Uzuri na biyu, wai babu lokaci, kasuwa ta cinye mu. Wannan kam mu ji tsoron Allah. Duk mai zaman shago ya san tsakanin Azahar da La'asar kasuwa kan yi sanyi. Duk mai jiran kaya ya san yadda ake kwana a tasha ana dakon tirelar da ta lalace a hanyar Jebba ko Mokwa. Me muke yi da waɗannan sa'o'i? Musun Arsenal da Chelsea, da dangwalar waya a TikTok har caji ya ƙare. Wanda zai iya faɗa maka 'yan wasan Real Madrid goma sha ɗaya da masu jiran canji, shi ne zai ce ba shi da lokacin karanta shafi goma. Littattafan nan biyar da na ambata babu wanda ya kai shafi ɗari. Shafi goma a rana shafi ɗari uku ke nan a wata. Kafin wata biyu ka gama da su duka ka shiga Magana Jari Ce. Kuɗin da ake zubawa a data cikin mako guda ya isa a fara.

Uzuri na uku shi ne wanda ake lulluɓe shi da rigar addini, wai labaran ƙarya ne, lahawu ne, gara mutum ya yi tasbihi. Ba ni da ja da tasbihi. Amma in tambaya, wanda ya faɗi haka tasbihin yake yi a lokacin da ya hana kansa karatu, ko kuwa kallon fim yake? Da dama daga cikin waɗanda suka rubuta littattafan nan 'ya'yan malamai ne da almajirai. Bello Kagara har Walin Katsina ya zama. Jarumin Shaihu Umar malami ne yana ba almajiransa tarihin rayuwarsa, yadda aka sace shi yana yaro, aka ƙetara Sahara da shi, da irin wahalar da mahaifiyarsa ta sha garin nemansa har ita ma ta faɗa cikin bauta. Wanda ya karanta wannan bai ji tausayin uwa ya kama shi ba, to ya binciki zuciyarsa. Jiki Magayi kuwa wa'azi ne sukutum a kan mai kuɗin da ya ƙwace wa talaka budurwa, da yadda ramuwar gayya take cinye mai yi da wanda aka yi wa. Ina lahawun yake a nan?

To me littafin zai ba ka? Ga amsa.

Na farko zai dawo maka da harshenka. A makarantar da na yi babu malamin Hausa ko ɗaya, Yarabanci aka koya mana, kuma ban ga laifin hakan ba, garinsu ne, jin Yarabanci ma jari ne ga ɗan kasuwa. Amma ku saurari Hausar ƙannenmu. Kalma biyu Hausa, ɗaya Yarabanci, ɗaya Turancin buroka. Ba su bambance "ta zo" da "ya zo". In an kai su gida da Sallah su zama abin dariya, ana ce musu 'yan Kurmi, sai su yi shiru su koma gefe. Yaron da ba a koya masa Hausa a aji, ba ya jin ta a bakin tsofaffi a zaure, ina zai same ta in ba a littafi ba? Magana Jari Ce littafi uku ne, labarai sama da tamanin, da karin magana da salon zance da ba za ka ji su a tasha ba.

Na biyu zai koya maka karanta mutane, wanda shi ne rabin kasuwanci. Wanda ya bi Alhaji Imam da Malam Zurƙe suna ɗana wa juna tarko daga gari zuwa gari a Ruwan Bagaja, zai gane ɗan damfara tun daga sallamarsa. Wanda ya ga yadda Waziri ya ƙulla makirci a Magana Jari Ce, da yadda aku ya riƙe Musa da labari dare bayan dare don kada ya fita ya faɗa hannun maƙiya, ya san cewa mai yi maka dariya ba lallai masoyinka ba ne, ya kuma san cewa iya magana takan yi abin da takobi ya kasa.

Na uku zai nuna maka cewa aro ba abin kunya ba ne. Imam ya ɗebo labarai daga Larabawa da Indiyawa da Turawa ya sa musu riga da hula har suka zama namu. Mu da muke zaune cikin wasu ƙabilu mun fi kowa bukatar wannan darasi. Ka gama na Hausa ka ɗauki Things Fall Apart na 1958, za ka fahimci Inyamurin da kake sayen kaya a wajensa fiye da da. Ka nemi Ogboju Ode na D. O. Fagunwa da ya fito a 1938, wanda Soyinka ya fassara zuwa Turanci a 1968. Ku lura da wannan da kyau, mutumin da ya ci kyautar Nobel a 1986 bai ga ya fi ƙarfin littafin mafarauta da aljannu na harshen uwarsa ba. Sai mu ne masu sakandare za mu raina Ruwan Bagaja?

Na huɗu kuma shi ne ya fi damuna. Wanda ba ya karatu ba zai iya rubutu ba, wanda ba ya rubutu kuwa wani ne zai ba da labarinsa. A watan Fabrairun 2021 rikici ya ɓarke a kasuwar Shasha a nan Badun, aka rasa rayuka, aka ƙona shaguna da gidaje na ɓangarorin biyu. Jaridu sun rubuta nasu, 'yan siyasa sun faɗi nasu. Mu da abin ya faru a kan idonmu, waɗanda muka san maƙwabcin da ya ɓoye maƙwabcinsa a ɗaki, mu nawa ne muka zauna muka rubuta shafi biyar don 'ya'yanmu? Nan da shekara talatin abin da wasu suka rubuta shi ne zai zama tarihi, namu kuwa ya bi iska da hirar shayi.

Ba zan tsaya ga ƙorafi ba, ga shawara, kuma ba ta bukatar gwamnati ko ɗan majalisa. Kullum motoci suna saukowa daga Kano da Zariya da Sakkwato da albasa da tumatir da wake. Katon ɗaya na littattafai ba zai karya wa tirela ƙafa ba. Iyayenmu masu hali da suke kashe dukiya a bikin aure, kowa ya sayi littafi biyar. A sami akwatin ƙarfe mai kwaɗo a ajiye a wata Islamiyya, a sa yaro ɗaya mai amana da littafin rubuta sunan wanda ya ara. A zuba na farkon nan biyar, da Magana Jari Ce, da Iliya Ɗan Maiƙarfi na Ahmadu Ingawa, da Kitsen Rogo na Abdulƙadir Ɗangambo, da So Aljannar Duniya na Hafsatu Abdulwahid, da waƙoƙin Sa'adu Zungur da na Aƙilu Aliyu. 'Yan mata su ma a ba su rana tasu.

Kai kuma ɗan uwa mai zaman shago, ka sayi ƙaramin littafin rubutu. Duk kalmar da ta shige maka duhu ka rubuta, da daddare ka tambayi wani dattijo, za ka ga yadda zai ji daɗi har ya ƙara maka da labari. Ka riƙa karantawa da ƙarfi ƙannenka suna ji. In ka gama littafi ka rubuta shafi ɗaya a kan abin da ka fahimta, sannan ka miƙa wa na kusa da kai. 'Yan uwa na Shagamu da Agege da Idi Araba da Ama Hausa ta Owerri, wannan magana har da ku.

Masu dariya za su yi, a bar su. Mai tambayar me littafi zai ba ka, ka tambaye shi me musun ƙwallo ya ba shi a shekara goma. Allah ya sa mu gane, ya shirya mana zuri'a, ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu. Amin.

Naku,
Ɗan Sabo, Badun.