Maganin Da Ba Ya Aiki Sai Ya Ga Haske

Jama'a, duk wanda ya taɓa jinyar mai ciwon daji ya san halin maganinsa: gashi ya zube, amai ya ƙi tsayawa, mutum ya rame. Dalili kuwa shi ne, duk inda jini ya kai maganin sai ya yi ɓarna, bai san lafiyayyen nama ba balle ya ƙyale shi. Shi ya sa a nawa ra'ayi, dabarar kulle magani a mai da haske mabuɗinsa ta cancanci yabo.

A 1978 ne wani masani mai suna Jack Kaplan da abokan aikinsa a Amurka suka ɗaure sinadarin ATP, wanda ƙwayoyin jiki ke samun ƙarfi daga gare shi, ya zauna shiru har sai an haska shi. A 1993 kuma ƙasar Kanada ta amince da allurar Photofrin don ciwon dajin mafitsara. Ana yin allurar, a jira kamar kwana biyu, sannan likita ya zura siririyar waya mai ba da jan haske zuwa inda ciwon yake. Nan take maganin zai mai da iskar oksijin da ke wurin guba, ta kashe ƙwayoyin ciwon.

To amma mai karatu, kada mu yi saurin guɗa. Jan hasken ba ya ratsa nama fiye da kimanin santimita 1, ciwon da ya yi zurfi ya tsira ke nan. Abin da ya fi damuna shi ne rana, don ita ma haske ce, maganin kuma bai san bambancinta da fitilar likita ba. Wanda aka yi wa Photofrin dole ya guje mata aƙalla kwana 30, in ba haka ba fatarsa ta ƙone. Ka faɗa wa manomi ko ɗan acaɓa wannan, ka ji amsar da zai ba ka!

Saboda haka ni na fi sa rai ga maganin da ake kunnawa ya kuma mutu da kansa. A 2013 Ben Feringa da ɗalibansa a ƙasar Holan sun haɗa wani maganin kashe ƙwayoyin cuta da haske ke tayarwa, bayan 'yan sa'o'i ƙarfinsa ya gushe. A ɗakin gwaji suka nuna shi, ba a jikin majinyaci ba, amma irinsa ne ya dace da ƙasa mai rana kamar tamu.