Asphalt: Motar Da Ba Ta Tashi Sai Da Data

Kafin wayoyin Android su cika kasuwa, da wuya a samu mai Nokia ko Sony Ericsson da bai taɓa buga Asphalt ba. Kamfanin Gameloft na ƙasar Faransa ne ya fitar da na farko, Asphalt Urban GT, a shekarar 2004, kuma irin wanda ake sa wa wayoyi masu maɓalli bai cika kai megabait ɗaya ba. Ana tura shi ta Bluetooth, ko mutum ya kai memori wajen masu tura waƙoƙi da finafinai su zuba masa. Da zarar ya shiga waya ya zama na mai wayar. Ko da sabis ko babu, ko da kati a layi ko babu, mota za ta tashi.

Yau kuwa matashin da ke Hadejia da Tecno ko Infinix ɗinsa, idan ya buɗe sabon Asphalt, abin da zai fara gani shi ne wasan yana laluben intanet. Idan sabis ya yi rauni nan zai tsaya, ko da tseren da yake son yi nasa ne shi kaɗai da motocin da kwamfuta ke tuƙawa, babu wani ɗan Adam a ciki. Masu buga gem ɗin a faɗin duniya suna da ƙorafe-ƙorafe da dama a kansa, amma ga mai waya a wannan yanki, wannan ne ya fi ciwo, kuma sauran duk daga gare shi suka tsiro.

Canjin ya faro ne daga Asphalt 8: Airborne, wanda ya fito a watan Agusta na 2013. Da farko sayar da shi ake yi a kan kuɗin da bai kai dala ɗaya ba, sannan kafin shekarar ta ƙare aka mayar da shi kyauta. Mutane sun yi murna, kuma suna da gaskiya, domin wasan ya haɗu: motoci na tashi sama suna juyi, ga nitro, ga titunan Tokyo da Landan da Barcelona. Sai dai kamfanin da ya daina karɓar kuɗi a bakin ƙofa dole ya nemo inda zai karɓa a cikin ɗaki. A Asphalt 8 an bi abin a hankali, shekara bayan shekara ana ƙara tsada da sababbin nau'o'in kuɗi na cikin wasa. A Asphalt 9: Legends, wanda ya fito a Yulin 2018, tun daga tushe aka gina wasan a kan haka.

Ga yadda abin yake, ga wanda bai taɓa zurfafawa ba. A Asphalt 9 ba a tara kuɗin tsere a je a sayi mota kai tsaye kamar da. Kowace mota tana da katuna, sai mutum ya tara adadin da ake buƙata kafin ta buɗe. Bayan ta buɗe kuma akwai taurari, kowane tauraro da nasa tarin katunan, kuma motar da ba a cika mata taurari ba, ba za ta iya karawa da takwararta da aka cika wa ba. Katunan nan da yawansu a cikin ƙunshi suke zuwa, mutum ya biya tokin ya buɗe ba tare da ya san abin da zai fito ba. Yana neman katin Lamborghini, sai ya samu na wata motar da ba ya ko hawa. Ko me za a kira wannan tsari, ya fi kama da ƙuri'a fiye da ciniki.

Sannan ga mai. Kowace mota tana da iya tseren da za ta yi kafin manta ya ƙare, daga nan sai jira, kuma manyan motoci na ajin A da S jiransu na awanni ne. Wanda ba ya son jira yana da hanya biyu: ya biya tokin ko ya kalli talla. A ƙasar da tun 29 ga Mayun 2023 farashin fetur ke hana mutane barci, abin dariya ne a ce motar cikin waya ma sai an bi mata layin mai.

Akwai kuma TouchDrive, tsarin da wasan ke tuƙa motar da kansa, mai waya aikinsa kawai zaɓen hannun da za a bi da danna nitro. Ana iya kashe shi, kuma ya taimaka wa sababbin shiga. Amma ya nuna inda hankalin kamfanin ya karkata. Tuƙi ya koma gefe, tara katuna ya dawo tsakiya.

Duk wannan ɗan wasa a Jamus ko Amurka ma yana kuka da shi. Bambancin shi ne, shi yana zaune da Wi-Fi a gida da wutar da ba ta ɗaukewa. Ɗan Hadejia kuwa kafin ya kai ga sayen ƙunshi ɗaya ya riga ya biya sau biyu. Na farko data: wasan ya haura gigabait biyu, ga sabuntawa da ke zuwa kowane sabon zango, wadda idan ba a sauke ta ba wasan ba zai buɗe ba. Tallar da ake cewa kyauta ce, bidiyo ce, datar mai waya take ci. A watan Janairun 2025 hukumar NCC ta amince wa kamfanonin sadarwa su ƙara farashi da kashi 50 cikin 100, don haka kowane megabait ya ƙara nauyi. Shi ya sa ake jiran datar dare, a sa waya ƙarƙashin filo ana fatan kada saukewar ta katse kafin asuba.

Na biyu caji. Wasa mai nauyin hoto da ke riƙe da intanet a buɗe yana shan batir kamar rani na shan tafki, kuma a watannin Afrilu da Mayu wayar kan yi zafi har ta fara sarƙewa. Idan KEDCO ba ta kawo wuta ba, sai shagon mai caji, a biya. Wanda yake cikin garin Hadejia ma da sauƙi. Wanda ke ƙauyukan Guri ko Kiri Kasamma ko Auyo, ko wanda ke kwana a gonar shinkafa a fadama yana gadin injin ban ruwa, shi ne ya fi kowa buƙatar abin ɗebe kewa, kuma shi ne sabis ya fi yi wa wasa da hankali. A daminar 2022, lokacin da ambaliya ta mamaye garuruwa da hanyoyi a masarautar Hadejia, ba wanda ke tunanin gem, waya ta neman 'yan uwa ce. Amma ko a daminar da ba ta yi ɓarna ba, hadari kaɗai ya isa ya ɗauke wuta na kwanaki. Wasan da aka gina a kan gasar da ke ƙarewa cikin kwana kaɗan, wadda in mutum ya yi fashi motar ta wuce shi, ba a gina shi da irin wannan rayuwar a rai ba.

Idan kuma mutum ya yanke shawarar biya, sai ya ci karo da naira. Ana lissafa farashin kayan cikin wasa ne da ma'aunin kuɗin waje, naira kuwa daga kusan 460 a dala ɗaya a farkon 2023 ta haura 1,500 a 2024. Ɗalibin Binyaminu Usman Polytechnic ko na Jami'ar Sule Lamido da ke Kafin Hausa, wanda kuɗin da ake turo masa daga gida bai ninka uku ba, ya san cewa tikitin zango ɗaya na iya cin kuɗin abincin kwanaki.

A watan Yulin 2024 Gameloft ya sauya wa wasan suna zuwa Asphalt Legends Unite, ya kai shi PlayStation, ya haɗa masu waya da masu kwamfuta da masu na'urorin gem a fili ɗaya. Mutane da yawa sun zaci za a samu Asphalt 10 ne, sabo fil. Abin da aka samu tsohon wasan ne da sabuwar riga, kuma a makonnin farko ƙorafi ya yi yawa kan sabon tsarin shafuka da matsalolin shiga. Haɗa kowa a fili ɗaya yana da daɗin ji, amma wanda ke tuƙi da yatsa a wayar da ke da RAM gigabait 3 ba sa'an wanda ke riƙe da kan PlayStation 5 ba ne. Jerin wasan da ya yi suna a kan ƙananan wayoyi yanzu idonsa na kan manyan talabijin.

Dole a faɗi hujjar kamfanin, domin ba ta banza ba ce. Sa Ferrari ko Bugatti a cikin wasa lasisi ne da ake biya, ma'aikata suna karɓar albashi, kuma tun 2016 Gameloft yana ƙarƙashin Vivendi, wanda masu hannun jarinsa riba suke jira. Tilasta haɗuwa da intanet kuma yana toshe wa masu maguɗi hanya, tunda lissafin motoci da tokin yana ajiye ne a manyan kwamfutocin kamfanin, waɗanda ake kira saba. Wannan hujja ta tsaya daram a gasar da ake yi da sauran mutane. Amma ba ta bayyana dalilin da zai sa tseren mutum shi kaɗai ya buƙaci izini daga Turai ba. Kamfanin da kansa ya nuna yana iya yin akasin haka: a 2015 ya fitar da Asphalt Nitro, ɗan ƙarami mai megabait gommai, don wayoyi marasa ƙarfi, a 2021 kuma ya sa Asphalt 8 a Apple Arcade babu talla babu saye-sayen cikin wasa. Ke nan ba rashin iyawa ba ne. Ya danganta da wanda ake son a faranta wa, kuma mai iPhone da ke biyan kuɗin wata ya riga mai Itel shiga sahu.

Babban abin tsoro game da makomar Asphalt ba wai sabon fitowa zai yi muni ba ne. Shi ne ranar da za a kashe saba. Misalai suna nan a cikin wasannin tsere kansu. Microsoft ya rufe Forza Street a 2022. Asphalt Xtreme, na tsere a cikin taɓo da rairayi, an janye shi a 2021, da ya dawo kuma sai mai rajistar Netflix ne ke iya buga shi. A Disambar 2025 kamfanin EA ya sanar da cire Real Racing 3 daga Play Store da App Store, ya sa watan Maris na 2026 a matsayin lokacin rufewa, bayan wasan ya shafe sama da shekara 12 mutane na zuba masa kuɗi da lokaci. Wanda ya fi tayar da ƙura shi ne The Crew na Ubisoft, da aka kashe ranar 31 ga Maris 2024, har waɗanda suka saye shi da kuɗinsu suka wayi gari ba su da komai.

Abin da ya biyo bayan The Crew yana da amfani a sani. Wani mai tashar YouTube, Ross Scott, ya fara fafutukar Stop Killing Games, kuma a Yulin 2025 takardar koken da aka kai Tarayyar Turai ta haura sa hannu miliyan ɗaya. Ubisoft ya yi alkawarin sa wa The Crew 2 tsarin bugawa ba tare da intanet ba, ya kuma cika a Oktoban 2025. Wato abin da ake cewa ba zai yiwu ba ya yiwu da matsi ya yi yawa. Abin da ya kamata Gameloft ya yi bai wuce haka ba: ya raba wasan biyu, gasar mutane ta zauna a intanet, tseren mutum shi kaɗai ya koma cikin waya da motocin da ya riga ya buɗe.

Ɗan Najeriya ba shi da hurumin sa hannu a takardar Tarayyar Turai, kuma a gaskiya kukan mai waya a Jigawa ba shi ne ke hana shugabannin Gameloft barci ba. Abin da ke hannunsa shi ne aljihunsa da taurarin da yake bai wa wasa a Play Store. Duk nairar da aka sa a Asphalt na yanzu kuɗin haya ne, kuma mai gidan na iya rufe ƙofa ba tare da ya mayar da ko sisi ba. Wanda ya fahimci haka ya ga zai iya, ruwansa. Wanda kuwa ke ganin gareji yake ginawa, gara ya sake lissafi.

Hanyar da wasu ke bi ta sauke gurɓataccen APK mai “tokin marar iyaka”, ko karɓarsa ta Xender, ba mafita ba ce. Tunda lissafin yana saba, yawancinsu ba sa aiki, wanda ya yi aiki kuma yana iya jawo a rufe asusun mutum. Mafi muni, waya ɗaya ce ke ɗauke da gem da manhajar banki da OPay, kuma ba a san abin da aka cusa cikin fayil ɗin ba.

Ga mai son tsere da gaske, akwai gwaji mai sauƙi kafin a ba kowane wasa gurbi a waya: a kashe data da Wi-Fi, a buɗe shi. Hill Climb Racing na kamfanin Fingersoft na ƙasar Finland zai buɗe, haka Traffic Rider da Dr. Driving. GRID Autosport ma zai buɗe, sai dai na kuɗi ne, ana biya sau ɗaya, kuma yana son waya mai ƙarfi da wadataccen fili. Asphalt 8, mai shekara sama da goma, zai bari a yi tseren da ba na gasa da mutane ba. Sabon Asphalt kuwa zai tsaya a shafin farko yana neman a duba intanet.