Ra'ayinmu: Saƙon Da Dare Ke Kawowa

Jiki magayi, in ji Hausawa, amma sai mai saurare ke jin abin da ya faɗa. A Gwandu da Kalgo, inda zafin bazara daga Maris zuwa Mayu ke kori kowa waje ya kwana a tsakar gida, ba wanda zai yi mamaki in ya ga magidanci ya tashi tsakar dare yana neman randa. To, a nan ne ciwon sukari ke samun maɓoya, domin duk abin da ya jawo sai a ɗora wa zafi.

Alama ta farko ita ce yawan tashi fitsari, sau uku, sau huɗu kafin asuba, har lokacin sanyi. Dalili kuwa, idan sukarin jini ya haura kimanin 180, ƙoda ba ta iya riƙe shi, sai ta zubar da shi cikin fitsari, shi kuma ya ja ruwan jiki ya tafi da shi. Daga nan ƙishirwa ke biyowa, maƙogwaro ya bushe, a sha, a sake fita. Wanda ya ga tururuwa ta taru inda ya yi fitsari, kada ya jira wata shaida.

Alama ta biyu tana ƙafa: zugi, ko jin kamar ana tsira allura da zarar an kwanta, ko kuwa tafin ƙafar ya mutu. Sukari ne ke cin jijiyoyi. Ga manomin shinkafa da ke wuni a fadama ba takalmi, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne, don ƙaya za ta soke shi bai ji ba, miki ya ƙi warkewa, ƙarshenta a kai ga yanke ƙafa.

Iyaye mata, ku lura. Yaron da ya daɗe da daina fitsarin kwance, ya dawo yana yi, ga rama, ga shan ruwa, ba bulala yake bukata ba. A kai shi asibiti a ranar, domin irin na yara ba ya jira.

Shi kuwa wanda ya riga ya fara shan magani ko allurar insulin, in ya farka cikin gumi, jiki na rawa, zuciya na bugawa, mai yiwuwa sukarin ne ya faɗi ƙasa da 70. A ba shi sukari a ruwa nan take. In ya suma, kada a ɗura masa komai, a garzaya da shi asibiti.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu wannan ciwo sun tashi daga miliyan 200 a 1990 zuwa miliyan 830 a 2022. A Afirka, fiye da rabin masu shi ba su san suna da shi ba. Alhali ɗigon jini ɗaya daga yatsa, da safe kafin karin kumallo, ya isa a fara ganewa: 126 ko fiye, sai a maimaita a tabbatar. Yawan fitsari na da wasu dalilai, musamman ga dattawa, saboda haka awo ne alƙali, ba mai tallar magani a kasuwa ba.

Muna kira ga fastoci da Zumuntar Mata su gayyato ma'aikatan lafiya su yi wa jama'a awo bayan sujada, ko da a ranar 14 ga Nuwamba ce, ranar ciwon sukari ta duniya. Wanda kuma dare ya riga ya ba shi saƙo, ga babban asibitin Gwandu, ga na Kalgo, ga Asibitin Sir Yahaya a Birnin Kebbi. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.