Sun bar musu algaita, sun ɗauke harshe

Ƴan uwa ɗalibai, duk al'ummar da aka bar ma kiɗa da tufafi aka ƙwace mata harshe, an yi mata sata da rana tsaka. Ra'ayina ke nan game da bikin badujalar sojoji na Edinbura, babban birnin Sikotilan, wanda na kalla da idona a watan Agusta.

Gaskiya wasan ya tsaru. Tun 1950 ake yin shi a filin da ke gaban tsohuwar fadar birnin, sama da mutum 8,000 kowane dare. Ɗaruruwan masu busa algaitar salka suna fitowa jere da makaɗa, sanye da zanen maza mai ratsi-ratsi, ƙafa ba ta saɓa ma ƙafa. Daga ƙarshe mai busa guda ya tsaya bisa ganuwa shi kaɗai. Tsikar jiki na tashi.

Amma mu tambayi tarihi. Wannan algaita da wannan zane na mutanen tuddan arewacin ƙasar ne, masu harshen Gelik. Bayan an murƙushe su a yaƙin Kuloden a 1746, gwamnatin Birtaniya ta hana su sa tufafinsu, ban da wanda ya shiga sojan sarki. Sai 1782 aka soke dokar. Kun ji fa: tufafin ubanka laifi ne, sai in za ka ɗauki bindigar wanda ya ci ka da yaƙi. Ta wannan ƙofa zane da algaita suka zama adon rundunar da ta yi yaƙe-yaƙen mulkin mallaka.

Harshen fa? Dokar ilimi ta 1872 ta tilasta shiga lakwal, ba ta ko ambaci Gelik ba. Ƙidayar 2011 ta samu masu magana da shi wajen 57,000, kaɗan ya ɗara kashi 1 cikin 100. Sai 2005 majalisar Sikotilan ta yi masa doka tasa. An yi sakkiya, amma ruwa ya riga ya ƙare ma ɗan kada. Ko sunan bikin, Tattoo, daga Holanci yake: umurnin da ake ba masu gidan giya su rufe famfo, soja su koma bariki.

Wani zai ce, to ai bikin na kawo baƙi da kuɗi, yana sa duniya ta san ƙasar. Haka ne. Sai dai me baƙon ya sani? Ya san launin zane, bai ji kalma biyar ta masu zanen ba. Kiɗa ba ya gardama da hukuma, shi ya sa ake son shi a fage. Harshe kuwa da shi ake ƙara a kotu, da shi ake tambayar inda kuɗin gwamnati suka shiga.

Kada mu yi musu dariya. Mu ma muna tashi tsaye in an busa kakaki da algaita ranar hawan salla, gobe mu koma aji mu rubuta jarrabawa da Faransanci. Wanda ya yi biki ya tafi gida. Wanda ke son harshensa ya rubuta lissafi da shari'a da likitanci a cikinsa. Wannan aikin namu ne, mu ƴan jami'a, kuma ba mai yi mana tafi a kansa.