Ofis Ya Tafi, Oga Yana Nan

Akwai maganar da ta zama ruwan dare a bakin matasanmu masu koyon sana'ar kwamfuta: ka dage ka samu aiki da kamfanin waje wanda ba shi da ofis, ka zauna a ɗakinka ana biyanka da dala, ba oga a kanka, ba mai duba agogo in ka makara, ba gutsiri-tsoma irin na ma'aikata. Masu sayar da kwas a intanet da wannan suke talla. Su kansu kamfanonin sun fi kowa iya zuba: wai a wajensu da amana ake aiki, shugaba da ƙaramin ma'aikaci duk ɗaya ne, komai a rubuce yake a fili. Batun dala gaskiya ne, tun da aka saki naira a 2023 ba mai musun wannan. Batun ba oga ne ban yarda da shi ba. A kamfanin da ba shi da ofis, ikon mai kamfani a kan ma'aikaci ya zarce na duk wani manaja da aka taɓa yi a masana'antun Bompai ko Sharaɗa.

Duk wanda ya taɓa aikin albashi ya san cewa a kowace ma'aikata akwai wuraren da ba na oga ba ne. Teburin mai shayi a bakin get, ƙofar masallaci bayan Azahar, motar hayar da ake shiga tare a koma gida, gidan suna da wajen ta'aziyya. A nan ake jin wa aka ƙara wa albashi, wa aka danne wa girma shekara uku, wane shugaban sashe ne ke cin zalin na ƙasa. A nan ake shirya wanda zai buɗe baki a taron gobe da waɗanda za su mara masa baya. Kamfanin da ba shi da ofis ba shi da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Hira duka a manhajar Slack ake yi ko ta Zoom, kamfani ne ya biya kuɗinsu, shi ke riƙe da mabuɗi, kuma a tsarin Slack da manyan kamfanoni ke saya akwai hanyar da hukumar kamfani za ta iya fitar da saƙonnin da mutum biyu suka yi a keɓe. Kamar a ce duk wata hira da abokan aikinka sai a zauren maigida, shi kuma yana zaune bayan labule. Ranar da ya ga dama ya rufe zauren.

An ga haka a Basecamp, kamfanin manhaja na Chicago a Amurka. Masu shi, Jason Fried da David Heinemeier Hansson, su ne suka rubuta littafin "Remote" a 2013, wanda ya zama abin kafa hujja ga masu wa'azin aiki daga gida. A watan Afrilun 2021 Fried ya wallafa sanarwa cewa daga yanzu an hana tattauna siyasa da al'amuran al'umma a dandalin kamfanin, an kuma rushe kwamitocin ma'aikata. Abin da 'yan jarida suka tono daga baya ya nuna ba siyasar ƙasa ce ta tayar da ƙurar ba. Wani tsohon jerin sunayen abokan ciniki ne da ake yi wa dariya a cikin kamfanin, har da sunayen mutanen Asiya da Afirka, wasu ma'aikata suka ce bai dace ba, muhawara ta yi zafi, masu kamfani suka toshe ta. A cikin ma'aikata kusan 60, kimanin kashi ɗaya cikin uku suka karɓi kuɗin sallama suka tafi. A lura da abin da hanin yake nufi. Da a ofis ne, in oga ya ce kada a sake ta da zancen a taro, sai a ci gaba da shi a wajen cin abinci. Su waɗannan, da aka hana su magana a dandalin kamfani, an hana su magana ke nan gaba ɗaya.

Coinbase, kamfanin hada-hadar kuɗin kirifto, ya riga Basecamp buɗe wannan ƙofa a Satumbar 2020, 'yan watanni bayan ya sanar cewa aiki daga nesa ne zai zama tushen tsarinsa. Shugabansa Brian Armstrong ya ce wanda bai gamsu da hanin zancen siyasa ba ga kuɗin sallama, mutum kusan 60 suka karɓa. A Yunin 2022 kuma ya sallami kashi 18 cikin ɗari na ma'aikata, mutum wajen 1,100. Yadda aka yi sallamar ya fi yawan adadin ɗaukar hankalina: an fara katse su daga na'urorin kamfani, sannan aka aika musu da labari ta imel ɗinsu na ƙashin kansu. Mutumin da aka kora daga masaƙa yana fita ta get, abokansa na ganinsa, wani ya raka shi, wani ya ce wallahi ba a kyauta ba, kuma manajan da ya sa hannu sai ya haɗa ido da sauran washegari. Wannan 'yar kunyar tana taka wa shugabanni birki fiye da yadda ake zato. Korar da ake yi da latsa maɓalli ba ta da shaidu.

Wanda ya fi duka tona asirin maganar shi ne Automattic, kamfanin da ke da WordPress.com. Shekaru da dama shi ake nunawa in ana neman misalin kamfanin da ya iya aiki daga nesa: ma'aikata a ƙasashe da yawa, har ya rufe ofishinsa na San Francisco a 2017 saboda ba a zuwa. A Satumbar 2024 mai kamfanin, Matt Mullenweg, ya buɗe wuta a kan wani kamfani mai suna WP Engine, rigima ta kai kotu. Wasu ma'aikatansa ba su ji daɗin yadda yake tafiyar da faɗan ba. Amsarsa ita ce tayi: duk wanda ba ya tare da ni ya karɓi dala 30,000 ko albashin wata shida, wanda ya fi yawa, ya tafi, kuma ba za a sake ɗaukarsa ba. Mutum 159 suka karɓa, kashi 8.4 cikin ɗari. Bai tsaya nan ba, ya sake yin tayi na biyu da albashin wata tara. Akwai wata manhaja, Blind, inda ma'aikatan kamfanonin fasaha ke amayar da abin da ke cikinsu ba tare da suna ba, amma sai da imel ɗin aiki ake rajista. Kafar 404 Media ta ruwaito cewa saƙonnin tabbatar da rajistar ma'aikatan Automattic an karkatar da su suna faɗawa hannun Mullenweg. Wato ɗan lungun da suka samu a waje ma ta ƙofar maigida ake bi. A Afrilun 2025 kamfanin ya sallami kashi 16 cikin ɗari na waɗanda suka rage, waɗanda suka ƙi karɓar kuɗi suka zauna don nuna biyayya.

Za a ce ai waɗannan halin mutum uku ne ko huɗu, ba laifin tsarin ba. Shugaba mai taurin kai kam ko'ina akwai shi. Tambayar ita ce me ke tare shi in ya tashi, kuma a nan ne kamfanin da ba shi da ofis ya rasa abin tarewa.

Kada a ɗauka ina kiran a koma ofis ne irin yadda Amazon ya tilasta wa ma'aikatansa kwana biyar a mako daga farkon 2025. Wanda ya taɓa kwashe awa uku a cunkoson Legas ba ya buƙatar a gaya masa amfanin aiki daga gida, haka matar aure a Zariya ko Maraɗi da ke rubuta manhaja tana kula da 'ya'yanta, haka mai lalurar ƙafa. Binciken da Nicholas Bloom na jami'ar Stanford ya yi a kamfanin Ctrip na ƙasar Sin ya nuna masu aiki daga gida sun fi ƙwazo da kashi 13 cikin ɗari. Sai dai masu tallar kwas a nan suke rufe littafin. Binciken nan dai ya nuna damar ƙarin girmansu ta ragu da kusan rabi in aka gwada da 'yan ofis masu ƙwazo iri ɗaya. Wani binciken kuma a kan ma'aikatan Microsoft sama da 61,000, da aka buga a 2021, ya gano cewa da aka koma gida kowa ya maƙale a ɗan rukuninsa, hulɗa da sauran sassa ta ragu. Aiki na tafiya, amma ma'aikata ba su san juna ba. Ga mai kamfani wannan ba asara ba ce.

Kamfanin GitLab, wanda shi ma ba shi da ofis, shi ake kawowa a matsayin amsa, kuma ya cancanci yabo. Kundin tsarin aikinsa, mai dubban shafuka, a buɗe yake a intanet, kowa na iya karantawa, ma'aikaci na iya kawo gyara. Ina ma ma'aikatunmu za su rubuta ko da kashi ɗaya cikin goma na dokokinsu haka. Amma a cikin kundin nan ne aka rubuta cewa albashi ya danganta da inda mutum yake zaune, ta yadda aiki ɗaya, ƙwarewa ɗaya, na San Francisco ya ɗauki ninkin na wata ƙasa. An rubuta a fili, gaskiya ne. Rubutawa a fili ba ta sa ma'aikaci ya samu ta cewa ba, kuma kundin bai hana sallamar kashi 7 cikin ɗari a Fabrairun 2023 ba.

Ga ɗan Najeriya ko ɗan Nijar abin ya ninka, domin sau da yawa ba a matsayin ma'aikaci ake ɗaukarsa ba, ɗan kwantiragi ne. Dokar fansho ta 2014 a Najeriya ta ce mai ɗaukar aiki ya zuba aƙalla kashi 10 cikin ɗari, ma'aikaci kashi 8. Ɗan kwantiragin kamfanin da ke rajista a jihar Delaware ta Amurka ba ya ganin wannan. Sola, batir, man janareta da data, duk abin da a da kamfani ke saya, yanzu daga aljihunsa suke fita. In aka zalunce shi, kotun ma'aikata ta Najeriya ba ta da hanya mai sauƙi ta kamo kamfanin da ba shi da ko kujera a ƙasar. Tarihin kamfanin Andela ya isa darasi. An kafa shi a Legas a 2014 yana horar da matasa yana biyansu albashi, har Mark Zuckerberg mai Facebook ya ziyarce shi a 2016. A Satumbar 2019 ya sallami ƙananan injiniyoyi kimanin 400 a Najeriya da Kenya da Yuganda, a 2020 ya rufe ofisoshi ya koma aiki daga nesa kacokan, ya rikiɗe zuwa dillalin da ke haɗa ƙwararru da kamfanonin waje. Darajarsa ta haura dala biliyan ɗaya a 2021. Kamfanin ya bunƙasa, amma yaron da ke shigowa ba shi da komai a koya masa a biya shi, nasa gurbin ya tafi tare da ofishin.

Shirin 3MTT na gwamnatin tarayyar Najeriya yana so ya horar da matasa miliyan uku a fannin fasaha, kuma da yawansu irin wannan aiki suke hange. A koya musu rubuta manhaja, madalla. A kuma koya musu karanta kwantiragi: wane ne ainihin wanda ya ɗauke ka, dokar wace ƙasa ce za ta yi hukunci in an saɓa, kwana nawa ne wa'adin sallama, wa ke biyan wuta da data. Waɗanda suka riga suka samu aikin kuma su karɓi lambar wayar abokan aikinsu tun ranar farko, su buɗe rukuninsu a wajen na'urorin kamfani, a wayar da suka saya da kuɗinsu. Haɗin kai irin wannan yana da amfani: ma'aikatan kamfanin Kickstarter sun kafa ƙungiyar ƙwadago a Fabrairun 2020. Da korona ta zo kamfanin ya tashi rage mutane bayan 'yan watanni, ƙungiyar ce ta zauna da shugabanni aka yi cinikin kuɗin sallama.