Da Ruwan Ciki A Kan Ja Na Rijiya

Ya ku 'yan'uwana masu koyon aikin malanta, ba da daɗewa ba za mu fita daga wannan kwaleji, kowa ya nufi inda aka tura shi. Da yawa daga cikinmu za su tarad da makaranta wadda iska ta yaye rufinta, yara suna zaune a ƙasa, ba rijiya, ba littattafai. To, me malami zai yi? Ya naɗe hannu ya ce sai ran da Gwamnati ta tuna da su? Ni dai a ganina neman kuɗin taimako yana cikin aikin malami, ya kamata kuwa a koya mana shi a nan kamar yadda a ke koya mana shirya darasi.

Kuɗin nan akwai su, amma ba sa zuwa wurin wanda ya zo hannu banza. Ku dubi dokar ilmin bai ɗaya ta 2004, wadda ta kafa hukumar UBEC. Ta ware kashi 2 cikin 100 na kuɗin shigar Gwamnatin Tarayya domin ilmin farko, amma jiha ba ta karɓar kason gine-gine sai ta ajiye daidai abin da za a ba ta. Saboda haka kuɗin waɗansu jihohi suka yi shekaru suna kwance a Abuja, yaransu kuwa suna karatu a gindin itace. In har an nemi jiha ta fara sa nata, ina ga ƙauye?

Haka abin ya ke ga baƙi. Ofishin jakadancin Japan ya kan ba da taimako ga ƙananan ayyukan jama'a, watau ginin azuzuwa, da haƙa rijiyar burtsatse, da ɗakin shan magani, amma ba ya biyan albashi. Irin waɗannan masu bayarwa kusan tambayarsu ɗaya ce. Ƙungiyarku tana da rajista a hukumar CAC? Kuna da asusun banki da sunan ƙungiya, ba da sunan shugaba ba? Ina littafin da ku ke rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita? Me kuka taɓa yi da ƙarfinku?

A nan ne malami ya ke da amfani. Sau da yawa shi ne kaɗai a gari wanda ya iya tsara takarda. Sai ya zauna da kwamitin makaranta, da iyayen yara, da mai unguwa, su zaɓi bukata ɗaya tak. Kada a rubuta cewa muna cikin wahala, a taimake mu. A faɗi yawan yara, da yawan azuzuwa, da kuɗin buhun siminti da bandir na kwano, kana a nuna gudummawar gari: yashi, da ruwa, da dutse, da aikin gayya.

Waɗansu za su ce ai wannan bara ne. Ba haka ba ne. Mai bara ba a tambayarsa inda ya kai sadaka, amma mai karɓar kuɗin aiki tilas ya kawo rasit da rahoto, gama kowa ya ci ladan kuturu sai ya yi masa aski. Malam kada ya riƙe kuɗi a aljihunsa. A sa mutum biyu ko uku masu sa hannu a banki, a kuma karanta lissafi a gaban jama'a.

Akwai gargaɗi biyu. Na farko, duk wanda ya ce a biya shi kafin ya saki taimako, macuci ne. Na biyu, taimakon waje ba gado ba ne. A 2025 Amurka ta rufe hukumarta ta USAID, ayyuka da yawa suka tsaya cik. Garin da ya saba tara nasa ba ya rasa abin yi ran da baƙo ya tafi.

Saboda haka ina roƙon shugabanninmu su sa kowane ɗalibi da ya fita koyarwar gwaji ya komo da takardar neman taimako guda, wadda ya tsara tare da mutanen garin, a duba ta a ba shi maki. Zomo ba ya kamuwa daga zaune.